Gwangwanin da Na Binne a Gindin Tsamiya

Unguwar Marke,
Tsanyawa, Jihar Kano.

Zuwa ga ƙanwata Khaulat,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Zubair da ɗanku Ikrima. Allah Ya ba Malam Zubair nasarar karatun da ya kai ku Malesiya, Ya raya mana Ikrima a kan addini, Ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan duk lafiya lau, alhamdu lillahi. An gama da gero, ya shiga rumbu, dawa kuma saura 'yan kwanaki a fara girbinta. Gyaɗa ba ta yi kamar bara ba saboda ruwan da ya ɗauke a tsakiyar damina, amma wake ya yi kyau ƙwarai. Gwaggo Barira, mahaifiyarki, tana nan da sauƙi. Ciwon gwiwar ya ragu sosai, har ta koma zuwa gona da ƙafarta, duk da muna hana ta. Matata Ummu Salma da yara suna lafiya, ƙaramar ta fara haɗa baƙi, kullum sai ta sa an nuna mata hoton Ikrima.

Saƙon muryar da kika turo mini makonni uku da suka wuce na saurare shi ya fi sau biyar, ban amsa ba, na kuma san kin lura. Kin ce wasan nan da na taɓa ba ki labarinsa, wanda Turawa ke kira jiyokashin, mu kuma a nan muke ce masa ɓoyon gwangwani, ya shiga ranki. Kin ce ke da Malam Zubair kun gano guda goma sha ɗaya a lambunan garinku, yanzu kina so ki ɓoye naki na farko, ki sa ɗan littafi a ciki, ki ɗora lambobin wurin a intanet, mutane su biyo wayoyinsu su nemo shi su rubuta sunayensu. Kika ce tunda ni ne malaminki a wannan harka, in ba ki shawara. Zan ba ki gwargwadon abin da na sani. Sai dai akwai wata magana da ke manne da shawarar, wadda na kasa faɗa a waya. Ni da ke abokan wasa ne, ɗan namiji da 'yar mace, ba ma yin minti biyu a waya ba a fara tsokana ba, wannan maganar kuwa ba ta tsokana ba ce. Shi ya sa da na ji Kamaruddeen, ƙanin maigidanki, zai taho wajenku, na zauna na rubuta da hannuna.

Bari in fara da mai sauƙin. Kada ki fara da neman gwangwani, ki fara da neman wuri. Ki tambayi kanki: in mutum ya bar aikinsa ya zo nan, ya kuma kasa gano abin da na ɓoye, zai koma gida yana jin ya yi asarar yininsa? In haka ne, ki canza wuri. Injiniya Ja'afaru, ma'aikacin noman rani a Watari, wanda ya koya mini wasan, ya ɓoye nasa ne a gefen wata hanyar ruwa, a kan ɗan tudu. Ranar da na je nema, a tsakiyar zafin bazara, ko'ina ya bushe, na hau tudun nan sai ga tumatir da albasa da shinkafa shar, iyakar ganin ido. Na zauna kusan awa guda kafin in tuna abin da ya kawo ni. Wannan shi ne abin da mai ɓoyo ke ba mutane, gwangwanin dalili ne kawai. Ki guji bakin banki, da ƙofar makarantar yara, da duk inda mai leƙe-leƙe zai jawo wa kansa tambaya. Kuma ya zama kusa da gida, inda za ki iya sa Ikrima a keken jarirai ki tura shi ki je ki duba gwangwanin duk wata.

Gwangwanin madara tsatsa yake yi, kada ki yi amfani da shi, balle a ƙasarku da kika ce kusan kullum sai an yi ruwa. Ki nemi roba mai murfin murɗawa. Kafin ki yarda da ita ki sa takarda a ciki, ki rufe, ki danna ta a bokitin ruwa ta yini. In takardar ta jiƙe, ki nemi wata. Ki sa fensir, ba biro ba, don biro bushewa yake yi. Kada ki sa alawa ko dabino ko wani abu mai ƙamshi, tururuwa da ɓera za su riga baƙinki zuwa. 'Yan ƙananan abubuwan da yara ke murna da su sun isa, wanda ya ɗauki ɗaya ya ajiye wani. Game da lambobin wurin kuwa, kada ki yarda da abin da waya ta fara nuna miki. Ki tsaya cak na 'yan mintuna har lambobin su daina motsi, ki rubuta, ki dawo wata rana ki sake, ki dawo ta uku. Sannan ki miƙa wa Malam Zubair wayar ba tare da kin nuna masa wurin ba. In ya gano cikin rabin awa, kin yi daidai. In ya dawo yana gumi yana fushi, laifinki ne, ki gyara, ki ƙara ɗan hasken da zai taimaki mai nema. Ba don ki fi mutane wayo kike ɓoyewa ba, don su samu ne su ji daɗi.

Yanzu ga shawarar da ta fi duk waɗannan nauyi, wadda ta hana ni amsa miki. Kada ki ajiye komai a ko'ina sai kin nemi izinin mai wurin, kin kuma yi wa maƙwabta bayani da bakinki. Kuma kada ki haƙa rami. Dokar wasan ma ta hana binnewa; na sani, na karanta, na take. Khaulat, sau ɗaya tak na taɓa ɓoye gwangwani, kuma mahaifiyarki ce ta sha wahalarsa. An ɓoye miki labarin fiye da shekara guda. Yau zan faɗa miki shi duka.

Kin tuna tsamiyar da ke ƙarshen gonar Gwaggo, kusa da tsohuwar rijiyar da kakanmu ya haƙa, daidai inda gamba ta raba gonarta da ta Malam Badaru. Bara waccan, bayan girbi, nan na zaɓa. Ga inuwa, ga tarihi, in ka tsaya a wurin kana hango rumbunan unguwanni uku. Ban nemi izinin Gwaggo ba. Na ce a raina ai gonarta gonarmu ce. Gaskiyar magana kuwa kunya nake ji, kada ta yi mini dariya, ƙato da gemu, malamin labarin ƙasa a sakandare, yana wasan ɓuya. Malam Badaru ko tuna shi ban yi ba, alhali na san tun marigayi mahaifinki na da rai ake 'yar tsama tsakanin gidajen biyu a kan wannan iyaka. Na ɗauki gwangwanin madara a kicin ɗin Ummu Salma, na sa ɗan littafi, na buɗe akwatin marigayi babana na ɗauko kuɗin wuri guda bakwai da tsohon kwabo mai huji, wai don baƙi su ga irin kuɗin da. A shafin farko na rubuta sunan da na raɗa wa wurin da jan biro: Iyakar Badaru da Barira, na jera lambobi a ƙasa. Bayanin wasan a kan murfi na rubuta shi, da Turanci, danshi ya goge shi kafin wata biyu. Na nannaɗe gwangwanin a baƙar leda, na ɗaure da zare, na haƙa rami kamar taƙi guda a tsakanin saiwoyi, na binne. Yanzu da nake rubuta miki wannan, ni kaina ina jin yadda yake a kunne. A ranar ban ji ba.

Cikin wata bakwai mutum tara suka zo. Yawancinsu ɗaliban jami'ar nan ta wajen Rijiyar Zaki ne, su hau mota zuwa Tsanyawa ranar Asabar, su ƙaraso a babur. Duk wanda ya gano sai ya rubuta a shafin intanet ya yaba wurin, ni kuma in yi ta karantawa ina jin kaina wani ne. Suna sa hannu a littafin da sunayen laƙabi masu wuyar faɗa, wani kuma a cikinsu ya bar ɗan ƙaramin kwaɗo a kulle, ba makulli. Na ƙara wani gangancin: na rubuta a shafin cewa gida mai koren ƙyaure da ke kusa akwai dattijuwa mai kirki, duk mai jin ƙishirwa ya yi sallama. To ki duba abin da mutanen unguwa ke gani. Baƙi sun zo, sun zagaya tsamiya ido a kan waya, sun tsuguna, sun tona, sun mayar da ƙasa, sun miƙe sai ƙofar gidan Gwaggo. Kin san abin da mutanenmu ke faɗa a kan tsamiya. Ita kuwa Gwaggo ta ba su ruwa, wani lokaci har da fura, a zatonta ɗaliban aikin gona ne.

Da daminar bara ta faɗi, Malam Badaru yana cikin wani hali. Ɗaya daga cikin shanun huɗarsa ya faɗi ya mutu ba ciwon komai, 'yarsa Aina'u kuma zazzaɓi ya kama ta, an yi magani an yi magani, sai ramewa take. Ruwan farko ya zaizaye gindin tsamiyar, bakin leda ya fito. Malam Badaru ya je gyaran iyaka ya gani. Bai taɓa da hannu ba, a kan bakin fartanya ya ɗauko shi har ƙofar gidan mai unguwa Khalilu. Ina dawowa daga makaranta bayan la'asar na tarar da taro ya cika wurin. An shimfiɗa buhu, an zazzage komai a kai: wuri bakwai, kwabo mai huji, kwaɗo a kulle, littafi. Da mai unguwa ya hango ni sai ya ce madalla, ga malamin boko ya zo, a ba shi ya karanta.

Na karɓa. Rubutun hannuna ne, jan biron da nake duba jarrabawar ɗalibai da shi. Na karanta da ƙarfi kowa yana ji, sunan Badaru, sunan mahaifiyarki, sannan sunayen baƙin ɗaya bayan ɗaya da ranakun zuwansu. Wuri ya ɗauki salati. Malam Badaru ya ce a duba masa, me ya yi da za a kulle shi da iyalinsa saboda taƙi biyu na ƙasa. Kada ki riƙe shi a ranki, Khaulat, mutum ne da 'yarsa ke kwance, tsoro ne ya cika shi. Wani ya tada maganar baƙin da ke zuwa gidan Gwaggo, wani ya ce shi ma ya gani da idonsa. Mai unguwa ya juyo ya tambaye ni ko na san ma'anar wannan rubutu da lambobin. Na ce ban sani ba. Haka na faɗa, a gaban Allah da jama'a. Aka aika aka kira Gwaggo. Ta zo da farin hijabinta ta tsaya daga gefen zaure, ta ce ita ba ta taɓa binne komai a gonar kowa ba, baƙin kuma ruwa suka roƙa ta ba su. Ta dube ni sau ɗaya, ta kau da kai. Liman ya ce ba a tuhumar Musulmi ba shaida, a ƙone kayan a bar wa Allah. Aka ƙone, aka watse, kowa da abin da ya tafi da shi a ransa.

Na sha tambayar kaina me ya rufe mini baki. Na ga yadda fuskokin mutane suka canza, na tuna iyayen ɗalibaina na cikin taron, na ji tsoron a ce malamin da ke koyar da 'ya'yansu shi ke binne-binne. Na ce wa kaina bari ƙura ta lafa, gobe in yi bayani a hankali. Abin da na yi da na koma gida shi ne na cire shafin daga intanet don kada wani baƙo ya sake zuwa. Gobe ta zo, na ce jibi.

Kin san makarantar 'yan matan da Gwaggo ke yi a tsakar gidanta. A lokacin yara ashirin da uku ne, wasunsu ita ta koya wa iyayensu mata Fatiha. Cikin mako guda suka koma shida. Ba wanda ya faɗa mata baƙar magana a fuska. Wannan a ce an tura ta gona, waccan a ce mura take yi. In na shiga gaishe ta sai in ga alluna jingine a bango, tawadar jiya ta bushe a kansu ba wanda ya zo ya wanke. Na shiga kai mata sukari da sabulu da ganyen shayi kusan kullum, kamar wannan zai rage wani abu. Ta karɓa, ta sa mini albarka, ta tambayi yara.

Ummu Salma ba ta je taron ba, amma da mata suka ba ta labarin wuri bakwai da kwabo mai huji sai ta buɗe akwatin babana ta duba. Ta same ni ta ce ba za ta tona ni ba, don ba ita ya kamata ta faɗa ba, amma tana mamakin yadda abinci ke wuce mini a maƙogwaro. Daga ranar kullum da safe ita da kanta take riƙe hannun 'yan matanmu biyu ta kai su gidan Gwaggo, ta bi ta hanyar rijiya inda kowa zai gan ta. Biyu daga cikin shidan nan da suka rage nawa ne. Matata ta fi ni ƙarfin hali, na gani, kuma duk da haka ban motsa ba.

A kwana na goma sha shida Inna Fadima ta rasu. An sanar da ke rasuwarta a lokacin, amma ba a faɗa miki sauran ba. Kin san aminiyar Gwaggo ce tun suna amare, kuma sun yi alƙawari tsakaninsu duk wadda ta riga tafiya ɗayar ce za ta yi mata wanka. Shekara talatin ke nan in mace ta rasu a unguwar nan Gwaggo ake kira. Da ta ji labari da hantsi sai ta sallami yara, ta haɗa ƙwaryarta da sabulu da ganyen magarya, ta sa hijabi, ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta tana jiran aike. Ba a aiko ba. Daga wata unguwa aka ɗauko mai wanka a babur. Tana nan zaune har aka wuce da makara ta bayan katangarta. Ni ina cikin masu ɗauka.

Daga maƙabarta ban biya gida ba. Na same ta a ɗaki, ƙwaryar na nan a gefenta. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga gwangwanin madara har zuwa ƙaryar da na yi a gaban mai unguwa. Ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta ce ta sani. Ta ce ranar da na binne tana can ƙasan gona tana tsinkar zogale, ta hango ni ina tono, ba ta tambaya ba don ba ta taɓa sanina da mugun abu ba. Da ta ga baƙar leda a kan buhu ta gane. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa, ta wanke kanta. Ta ce tun ina shekara bakwai, da mahaifiyata ta rasu, ita ta riƙe ni, tabarma ɗaya muka kwana da 'ya'yanta, ba ta raine ni don ta miƙa ni ga taro da bakinta ba. Ta ce jira take in zo da ƙafata. Ta zaci a yammacin ranar zan zo, sannan ta zaci washegari, daga nan ta shiga ƙirga kwanaki, duk sanda na shigo da ledar sukari sai ta ce yau ne. Ta ce maganar gari ba ta dame ta kamar yadda nake zato ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne muryata, yadda na karanta sunanta a bainar jama'a kamar ban taɓa jin sa ba. Sannan ta ce ta yafe mini duniya da lahira. Wallahi, Khaulat, na so a ce zagina ta yi.

Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a gaban masallaci na faɗi gaskiya. Injiniya Ja'afaru ya zo daga Watari, har da biyu daga cikin ɗaliban nan, ya nuna hotuna a wayarsa, ciki har da wanda na tura masa ranar da na binne, ina riƙe da gwangwanin ina dariya. Wasu suka yi dariya, wasu suka zage ni, mai unguwa ya faɗa mini maganganun da na cancanta, ya ce binnewar wauta ce, ana yafe wauta, amma shirun kwana goma sha shida ba wauta ba ce. Da yamma Malam Badaru ya je ƙofar Gwaggo ya tsuguna ya nemi gafara. Washegari ni da shi muka kai Aina'u asibiti, aka gano taifot ce, ta sha magani ta warke, yanzu ma tana cikin ɗaliban Gwaggo. Yaran sun dawo, amma ba duka ba. Yau su goma sha biyar ne. Har gobe akwai masu cewa dangi ne suka rufa wa tasu asiri, malamin ya ɗauki laifin don ya ceci gwaggonsa. Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, an karɓe ni da mutunci, an ce ba komai, ba a dawo da yaran ba.

Lokacin kina da cikin Ikrima wata takwas, Gwaggo ta hana kowa ya faɗa miki. Kin tuna wata rana da kika kira ta ta bidiyo da safe, kika ce yau ba kya jin hayaniyar karatu kamar da, ta ce ai damina ce, yara na gona? Ina zaune a gefe, ni ke riƙe mata wayar.

Don haka, ƙanwata, in za ki ɓoye naki, ki nemi roba mai haske wadda kowa zai ga cikinta tun bai buɗe ba. Ki rubuta bayanin wasan da manyan baƙaƙe, ciki da waje, da harshen mutanen ƙasar, ba Turanci kaɗai ba, ki sa lambar wayarki. Kada ki rubuta sunan kowa a ciki, kada ki tura baƙi ƙofar wani bai sani ba. In wurin lambun gwamnati ne ki je ofishinsu, ki kuma gaisa da mai shara da mai gadi ki nuna musu, don su ne za su fara ganinsa. Ke baƙuwa ce a ƙasar, ba ki san abin da ke ba su tsoro ba. Ki tambayi maƙwabciyarki, ki nuna mata duk abin da za ki sa, ki ji ko akwai wanda ke da wata ma'ana a wajensu. Duk sanda kika je dubawa ki cire abin da baƙi suka bari in bai kwanta miki ba. In kuma duk da haka wata rana aka tsinto shi aka taru a kansa, ki ce naki ne a nan take, kafin a kai ga tambaya ta biyu.

Bayan an yi arba'in, Safara'u, babbar 'yar Inna Fadima, ta zo wajen Gwaggo tana kuka, ta ce ta san alƙawarin da ke tsakaninsu, maganar mutane ce ta rinjaye ta. Gwaggo ta rarrashe ta, ta ce ta yafe, ta yi wa mamaciyar addu'a. Bayan ta fita sai Gwaggo ta ce da Ummu Salma, a hankali, yara za su iya dawowa, mutunci ma yana iya dawowa, amma wankan Fadima guda ɗaya ne, kuma an riga an yi shi. An ci gaba da kiranta wanka kamar da, tana zuwa. Wancan ɗayan dai ni na hana ta, kuma ba abin da zan tsaya a gaban masallaci in faɗa ya dawo mata da shi.

Da saƙonki ya zo na je na nemi izininta in faɗa miki. Ta ce kayana ne, in kai su da kaina. Ta kuma ce in gaya miki kada abin da ya faru ya hana ki wasanki, ki ɓoye, ki turo mata hoto, don har yau tana so ta ga mene ne wannan abu da ke taso mutane tun daga Kano su zo su tsuguna a gonarta. Ita ta yafe. Ke ban san abin da za ki yi ba, kuma ba na neman ki amsa da wuri. Mahaifiyarki ce, kina nesa, kin bar ta a hannunmu, a hannuna musamman, don ni na ce miki a tashar mota ki tafi hankalinki kwance. Ina neman gafararki. In kin shirya ki kira ni, ki faɗa mini duk abin da Gwaggo ta ƙi faɗa mini. Zan saurara har ƙarshe, ba zan kare kaina ba.

Ki gaishe mini da Malam Zubair da kyau, in kin ga dama ki ba shi ya karanta. Ki shafa mini kan Ikrima. Ki yi wa Kamaruddeen sannu da hanya, a hannunsa akwai kuka da daddawa da yajin da Gwaggo ta daka miki da kanta. Ummu Salma tana gaishe ki, ita da 'yan matanta. Aina'u ma ta ce a gaishe da Anti Khaulat. Allah Ya tsare ku a inda kuke, Ya haɗa fuskokinmu da alheri, Ya yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba.

Wassalamu alaikum.

Yayanki mai jiran amsarki, ko wace iri ce,
Sha'aban.